Kundin aiki: sanyaya zauren karatu a Damagaram

Litinin, 10 ga Fabrairu 2025

Wata ƙungiya a Sabon Gari tana da zauren karatu mai tsawon mita 12 da faɗin mita 9, ginin bulo, rufin kwano da silin. Ɗalibai ne ke cika shi, masu shirin bakaloriya da ƴan jami'a, wani lokaci har mutum 40. Daga Maris zuwa Yuni kuwa, da azahar ta kawo jiki sai zauren ya watse saboda zafi. Hajiya, shugabar ƙungiyar, ta samo tallafi, tana son sanin kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, nawa za a saya da farantan sola nawa za su ɗauke su. Na roƙe ta ta dakata da sayayya sai na gina samfurin zauren a cikin kwamfuta, domin kuɗin tallafi sau ɗaya yake zuwa.

Da EnergyPlus nake aikin, manhajar lissafin zafi da wutar da gini ke ci wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, kuma kyauta ce. Zanen na yi shi a OpenStudio, manhajar da ke aiki tare da ita. Fayil ɗin yanayi na tashar filin jirgin Zinder, wato Damagaram, ne, mai lamba 61090, yana ɗauke da zafi da laima da iska da hasken rana na sa'o'i 8760 na shekara. Jadawalai da saitunan na'urori na aro su daga wani fayil na misali, kamar yadda kowa ke farawa.

Yau na gwada da na'urar ƙiyasi, wato wadda ba ta da iyaka, duk sanyin da ɗaki ya nema sai ta ba shi. Nauyin sanyin da ya fito ya yi kaɗan ƙwarai. Na sha zama a zauren nan a watan Afrilu, na san ba haka yake ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Daɓe ne. Idan ba a gaya wa manhajar zafin ƙasar da ke ƙarƙashin gini ba, sai ta ɗauki digiri 18 daga Janairu har Disamba, ta rubuta gargaɗi a cikin fayil ɗinta na kurakurai, eplusout.err, ta ci gaba da lissafi. A garin da matsakaicin zafin iska na shekara yake wajen digiri 28, babu ƙasa mai digiri 18. Daɓe mai murabba'in mita 108 yana ta shanye zafin da a zahiri ba ya shanyewa. Na sauya zuwa Kiva, ɓangaren manhajar da ke lissafa zafin ƙasa daga yanayin wurin, nan take nauyin ya hau.

Ranakun da ake auna girman na'ura da su ma na Shikago ne, na cire na sa namu. Akwai kuma umurnin tura agogo gaba da sa'a ɗaya daga Maris zuwa Nuwamba, al'adar Amurka. A Nijar ba ma taɓa agogo. Da an bar shi, ɗaliban cikin kwamfuta za su riƙa shiga zaure da fita sa'a ɗaya kafin lokacinsu a duk watannin zafi, zafin la'asar ya kuɓuce wa lissafi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na cire na'urar ƙiyasi na sa kilim huɗu irin na kasuwa, masu ƙarfin doki 2, wato BTU 18,000 ko kimanin kilowat 5.3 kowane. Rahoton ya dawo da sa'o'in gazawa masu yawan gaske. Sa'ar gazawa ita ce wadda akwai mutane a ɗaki amma zafi ya wuce inda aka saita. Manhajar tana ƙirga ta da zarar bambancin ya haura digiri 0.2, ƙa'ida ta 90.1 ta ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gini ta Amurka, kuma ba ta yarda su wuce 300 a shekara ba. Namu sun ninka haka.

Wani abokin aiki ya ce in ƙara kilim biyu in huta. Ban yarda ba. Jimillar shekara ba ta faɗin dalili, kuma kowane kilim da aka ƙara a takarda yana jan farantai da batura a bayansa, kuɗin da zai iya sayen littattafai. Na sa manhajar ta fitar da abu huɗu sa'a bayan sa'a: zafin zaure, zafin da aka saita, sanyin da kowace na'ura ke bayarwa, da rabon lokacin da kwamfuresa, injin da ke samar da sanyi a kilim, ke aiki. Na jera su a hoto ɗaya, watanni a kwance, sa'o'i a tsaye.

Abin da ya fara bayyana ya girgiza ni. Duk watan Maris da duk watan Oktoba kwamfuresa ba ta motsa ba, zaure yana digiri 36, na'urori huɗu suna tsaye. Tarmostat na EnergyPlus, wato abin da ke kunna na'ura da kashe ta gwargwadon zafin ɗaki, yana bin wani jadawali mai lambobi daga 0 zuwa 4: 0 babu sarrafawa, 1 ɗumamawa kaɗai, 2 sanyayawa kaɗai, 4 duka biyun da tazara a tsakani. Fayil ɗin aro ya sa 1 daga Janairu zuwa ƙarshen Maris, 2 zuwa ƙarshen Satumba, sannan 1 kuma. A ƙasar da ƙanƙara ke sauka a Maris wannan daidai ne. Mu a Maris ne zafi ke kamawa, Oktoba kuma ita ce zafin bayan damina, lokacin da ake girbin hatsi gumi na zuba. Manhajar ba ta yi gargaɗi ko ɗaya ba, domin a wurinta babu kuskure: an ce mata kada ta sanyaya, ba ta sanyaya ba. Na mai da lambar 2 duk shekara.

Na biyu ranakun Asabar ne. Jadawalin mutane na gyara shi tun farko, amma jadawalin kunna na'ura yana nan a kan makon ofis, ga shi Asabar ce ranar da zauren ya fi cika.

Bayan waɗannan biyun, gazawar ta ragu zuwa wuri biyu: sa'ar farko da safe, da tsakanin ƙarfe 2 zuwa 5 na yamma a Afrilu da Mayu. Na ƙarshen nan ne kaɗai ya shafi ƙarfin na'ura, domin a nan ne kwamfuresa ke aiki ba tsayawa amma zafi na ci gaba da hawa.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama, lokutan zaure sun sauya. Da rana mutane sun ragu, bayan asham sun ƙaru. Watan azumi yana zuwa da wuri da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka ba zan dasa shi a wata ɗaya cikin samfurin ba. Na yi jadawali biyu, zan gwada kowanne a kan watannin zafi.

Na zauna da Baba maigadi, wanda shi ne zai riƙa kunnawa da kashewa. Akwai tsohon kilim a ƙaramin ofishin Hajiya, na tambaye shi a nawa yake sa shi. Ya ce, "Ɗana, a 16 nake sawa, don ya yi saurin sanyi." Na ce, "Baba, na'urar nan gudu ɗaya gare ta. Ko a 16 ko a 26, sanyin da take fitarwa ɗaya ne. Bambancin kawai, a 16 ba za ta taɓa hutawa ba." Ya ce to ai a 26 ɗakin ba ya daɗi. Gaskiyarsa ce, kuma maganar ta buɗe mini wani abu.

Samfurin yana ɗauka iskar ɗaki gauraye take, zafi ɗaya daga daɓe zuwa silin, kuma da zafin iska kaɗai tarmostat ke aiki. Jikin mutum kuwa yana jin har zafin da silin ke watsowa daga sama. Kwano a ranar Afrilu yakan wuce digiri 60, silin da ke ƙarƙashinsa ya ɗauki rabonsa. Iska tana iya zama 26 amma mai karatu ya ji kamar 30. Na sauya tarmostat ɗin samfurin ya bi matsakaicin zafin iska da na bango da silin. Sa'o'in gazawa suka ƙaru, na kuma bar su haka, domin yanzu suna nuna abin da ɗalibi zai ji. Da na shimfiɗa santimita 5 na abin hana zafi a kan silin na kuma shafa wa kwano farin fenti a cikin samfurin, sai suka faɗi fiye da yadda kilim na biyar ya saukar da su.

Gidajen tsohuwar unguwar Birni masu kaurin bangon ƙasa da rufin azara sun san wannan tun zamanin da ake gina ganuwa. Zafin rana ba ya ratsa su sai dare ya yi. Mu muka koma bulo da kwano, yanzu muna neman wuta ta biya mana bambancin.

Fanka ma tana da rabonta. Iska mai gudun mita 0.8 a daƙiƙa tana sa mutum ya jure ƙarin digiri 2 zuwa 3. Da fankokin silin a kunne, na saita 27 maimakon 24 na fayil ɗin aro.

Talata, 18 ga Maris

BTU 18,000 da ke jikin kwali an auna shi ne da waje yana digiri 35, abin da ƙa'idar ISO 5151 ke kira T1. Akwai T3 na ƙasashe masu tsananin zafi, ana auna shi a 46. Idan waje ya yi zafi, sanyin da na'ura ke bayarwa yana raguwa, wutar da take ci tana ƙaruwa. Samfurin yana bin wannan da lanƙwasar lissafi, wato layin da ke nuna ƙarfin na'ura a kowane zafin waje, amma kowace lanƙwasa tana da iyaka. Ta fayil ɗinmu ta tsaya a wajen 46, daga nan sama sai ta riƙe lamba ɗaya kamar zafin bai ƙaru ba.

Malamin da ke gyara kilim ɗin ofis ya ce mini a Afrilu kiran da ya fi samu na na'urorin da aka maƙala a bangon yamma ne ko aka ɗora a kan rufi: da la'asar kwamfuresa ta yanke da kanta, ga ƙurar hunturu ta toshe raga. Ma'aunin filin jirgi a inuwa yake, ba ya ganin iskar da ke tashi daga bango mai zafi. Na ƙara wa iskar da ke shiga ɓangaren kilim na waje digiri 5 da rana don in ga abin da zai faru. Gazawar la'asar ta ninku. Na rubuta wa Hajiya abu biyu tun yanzu: T3 za a saya, kuma a inuwa za a kafa, inda iska ke wucewa.

Litinin, 7 ga Afrilu

An yi sallah, na koma kan tambayar da ta fi damuna: shin kilim ne ma ya dace da watannin rani?

Akwai na'urar sanyi mai aiki da ruwa, wadda ke jan iskar waje ta cikin jiƙaƙƙen labule ta hura cikin ɗaki. Aikin randa take yi: ruwa ya tsattsafo ya bushe, ya tafi da zafi. Iyakarta shi ne zafin jiƙaƙƙen ma'auni, wato abin da ma'aunin zafi ke nunawa idan aka naɗe bakinsa da jiƙaƙƙen ƙyalle. A rana irin ta yau, waje 41, laima kashi 10 cikin 100, jiƙaƙƙen ma'auni yana wajen 19. Na'ura mai kyau da ke cin kashi 80 na tazarar za ta huro iska mai digiri 23 da ɗoriya, da wutar fanka da ƙaramin famfo kawai. A Agusta kuwa, waje 31 da laima kashi 65, jiƙaƙƙen ma'auni 25.5 ne, iskar za ta fito kusan 26.6 tana danshi. Ba ta da amfani a lokacin.

Saboda haka na sa duka biyun a samfurin, mai-ruwa da kilim. Wutar shekara ta haura maimakon ta sauka.

Hotunan sa'a-sa'a suka nuna dalili. Na'urorin biyu tarmostat ɗaya suke saurare, jerin fifikon da na ba su kuma yana nufin wadda za a fara kira ne, ba ya hana ta biyu tashi. Idan mai-ruwa ta kasa kai zaure 27, sai kilim ya kama. Ita tana turo iskar waje cike da laima, shi yana kashe wuta wajen matse laimar nan ya zubar ta bututu, iskar da ya sanyaya kuma tana fita ta taga. Mai-ruwa ba ta aiki sai taga a buɗe, kilim ba ya aiki sai taga a rufe. Dole ɗaya ta hana ɗaya.

Sai maganar ruwa, wadda ɗan Damagaram ba zai tsallake ba. Garin a kan dutse yake zaune, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza, kuma kowa ya san layin jarkoki a watan Afrilu. Lita ɗaya idan ta bushe tana ɗauke zafi kimanin kilowat-awa 0.68. Zauren yana buƙatar iska mita kubik 2 a daƙiƙa, wato kusan lita 56 a sa'a a rana irin ta yau. A sa'o'i 8 ya kai lita 450, jarka mai lita 20 fiye da ashirin, ban da wanda ake zubarwa don kada gishiri ya daskare a labulen. Wannan lissafin na sa shi a shafin farko na rahoto, kusa da na wuta. Ba zan yarda a nuna ribar wuta a ɓoye kuɗin ƴan garuwa ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na rubuta ƙaramin shiri a EMS, ɓangaren EnergyPlus da ke ba mutum damar sa nasa sharaɗi: idan jiƙaƙƙen ma'auni na waje ya wuce 22, a kashe mai-ruwa, a rufe taga, a kunna kilim. Faɗan ya ƙare, amma wata matsala ta fito. A Mayu da Yuni, lokacin da iskar kudu maso yamma ke fara kawo laima kafin ruwa ya sauka, ma'aunin yana yawo a gefen 22, na'urorin suna ta musanya duk minti 10. Na sa tazara: a koma kilim a 23, kada a dawo sai an sauka ƙasa da 21. Na kuma matsar da kiran shirin zuwa farkon kowane takin lissafi, wato ɗan lokacin da manhajar ke lissafawa a karo ɗaya, kafin manhajar ta lissafa buƙatar zaure, domin a inda yake dā umurnin yana makara da taki ɗaya.

Hoton ya yi kyau. Amma da na sake dubawa sai na tambayi kaina wa zai aikata wannan. Babu akwatin sarrafawa a zauren, babu kuɗinsa, kuma ko an sa shi ba zai rufe tagogi takwas ba. Baba maigadi ne zai yi, da rimot da hannunsa. Shirin da ke sauya shawara sau biyar a wuni yana ba da lamba mai kyau a takarda, lambar da zauren ba zai taɓa gani ba. Na sake rubuta shi: shawara ɗaya a wuni, da ƙarfe 7 na safe, a kan laimar da ƙaramin ma'auni na bango zai nuna, ta tsaya har dare. Wutar shekara ta ɗan hau a kan na farko. Wannan lambar zan kai wa Hajiya.

Gazawar sa'ar farko kuma ta warware da kunnawa minti 30 kafin buɗe ƙofa, da buɗe tagogin sama masu raga da dare daga Nuwamba zuwa Maris. A Mayu buɗewar ba ta taimako sosai, daren kansa yana kusa da 30.

Litinin, 12 ga Mayu

Ƙananan ma'aunai masu ajiye bayani da na rataya a zauren tun Afrilu sun ba da abin da zan gwada samfurin da shi, zaure ba kilim, fanka kaɗai. Siffar hawa da saukar zafi ta yi daidai, amma samfurin yana saurin hucewa da dare. Na rage iskar da ke ratsa tagogi a rufe, na gyara nauyin bulo bayan na auna guda a sikeli, suka matso kusa. Idan an kafa na'urori za a gwada wutar da ƙa'idar ASHRAE ta 14, wadda a lissafin sa'a-sa'a take neman karkatar samfuri daga abin da aka auna kada ta wuce kashi 10, warwatsuwar bambancin kada ta wuce kashi 30.

Ɗaukewar wuta ma na shigar da ita, a matsayin jadawalin hana kunnawa na sa'o'i biyu da la'asar. Da silin mai abin hana zafi zauren yana jurewa, ba shi kuwa cikin rabin sa'a ya koma yadda yake.

Shawarar da na miƙa: a fara da silin da fenti da fankoki, sannan mai-ruwa biyu da tankin ajiya, sannan kilim uku na T3 don Mayu zuwa Oktoba. Hajiya ta ce, "Injiniya, kai da na kira don kilim, ka fara aika ni wurin mai fenti?" Na nuna mata hotunan biyu gefe da gefe. Ta amince.

Talata, 12 ga Agusta

An gama kafa komai kafin babbar sallah. Damina ta zauna, mai-ruwa suna rufe da leda, kilim ne ke aiki. Zafin zaure yana bin samfurin sosai, amma laima ba ta bi. Ma'auni yana nuna sama da abin da aka lissafa, ɗalibai suna cewa takardu na yin laushi.

Ina da zato mai ƙarfi. A Agusta nauyin zafi kaɗan ne, kwamfuresa tana yawan tsayawa, fankar cikin kilim kuwa ba ta tsayawa. Ruwan da ya taru a kan bututun sanyi sai ya sake bushewa ya koma cikin zaure. EnergyPlus yana da gurabe na lissafa wannan, lokacin da ruwa ke ɗauka kafin ya fara ɗiga da yawan tashi da tsayawar kwamfuresa a sa'a, amma a fayil ɗinmu duk sifili ne, wato lissafin a kashe yake. Zan cika su in sake gwadawa a wannan makon.

Kafin nan na roƙi Baba ya riƙa kunna kilim biyu maimakon uku a ranakun hadari, don kowane ya daɗe yana aiki ya matse laima da kyau. Ma'aunan za su zauna a bango har ƙarshen Oktoba, domin ranar komawa daga kilim zuwa mai-ruwa ba a gwada ta a zahiri ba tukuna.